Rabin Askin Kawu Bawa

Duk wanda ya taɓa zama a tabarmar Kawu Bawa wanzami, ƙarƙashin durumin bakin kasuwar Gwashi, ya san inda askarsa take tsayawa. Zai jiƙa maka kai, ya wasa aska, ya kama daga kunnen dama ya yi ta shara sumul, har ka fara gyangyaɗi don daɗi. Da ya kai tsakar ka sai ya naɗe askar ya ɗora a cinya, ya ɓantari goro, ya dube ka ya ce, "To, mi mutanenku ka cewa?" Karin magana yake nufi, na garinku ko na ƙabilarku, kuma wanda bai taɓa ji ba. In ka kawo, a ƙarasa maka. In babu, ga hanya nan, ka tashi da kai kamar gonar gado da aka raba biyu, wa ya nome tasa ƙane ya bar tasa. Ku da kuke dariya, na san waɗanda a cikinku suka yi sallar Juma'a da hula har kunne a tsakiyar bazara, amma ba zan kama suna ba.

Ni Lawali, ɗan ƙanwarsa, wanda shi ya yi mini askin suna, shekara shida cur na yi ban zauna a wannan tabarma ba. Laifina kuwa kun san shi. Da matata ta haifi ɗanmu na fari, ana gobe suna Kawu ya ji labarin wani Babarbare mai sayar da bandar kifi a Gummi, wai bakinsa cike yake da zancen mutanen da. Sai ya rataya zabira ya hau mota. Ranar suna aka yanka rago, aka raba goro, hantsi ya dubi ludayi, babu Kawu babu labarinsa. Mata suka dame ni, ni kuma da ƙuruciya da rawar kai na aika aka kira Ɗan'ige, wanzamin da ke ɗaya gefen kasuwa, wanda ko inuwa ɗaya ba sa sha da Kawu. Gashin ƙarshe na faɗuwa daga kan jariri, sai ga Kawu a bakin zaure, ƙura har gira. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dubi jaririn, ya dubi Ɗan'ige, ya dube ni, ya ce tunda kan ɗa ya samu wanzami, kan uba ma ya je ya nemi nasa.

Inna ta yi ta sintiri gidan wan nata, har ya sassauta da sharaɗi ɗaya: ranar da na kawo masa maganar da kunnensa bai taɓa ji ba, ranar askarsa za ta koma kaina. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Kabu-kabu nake yi tsakanin Bukkuyum da Anka, kuma shekarun ne zinariya ta janyo mana mutanen duniya, Zabarmawa, Buzaye, Mosawa, Yarbawa, kowa da buhunsa da gudumarsa. Duk wanda ya hau bayan babur ɗina, kafin mu kai mararraba na tatse shi. Abin da ban lissafa ba shi ne, su ma masu haƙar nan gashi na fito musu, kuma duk sun riga sun bi ta ƙarƙashin durumi. Wajen wani wanzami kuwa ba ni da bakin zuwa, in na je na ƙara wa wuta fetur. Sai na koma aske kaina da reza a madubin babur. Abokan sana'a suka raɗa mini suna Gonar Awaki, saboda nan tsiro nan fili, nan kuma jini.

Na farko da na kai masa, a wajen wani Bamoshe na samo shi, wai a ƙasarsu suna cewa wanda ya kwana a tabarmar aro a ƙasa ya kwana. Na zo da ɗoki na tsuguna na zuba. Kawu ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ya ji shi tun kafin kaka, kuma mai maganar da kansa tabarmar Liman ya ara wata uku, har yau bai mayar ba. Na koma na samo na wani Bayarabe mai gyaran injin niƙa, cewa hannun yaro ba ya kai wa ragaya, hannun babba kuma ba ya shiga bakin gora. Kawu ya ce wannan mai kyau ne, ya daɗe da shi, amma a gaya wa Yarbawa babba mai hankali fasa gorar yake yi ya huta.

Haka yake yi wa kowace magana. Ba ya karɓar hikimar kowa sai ya ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen tukunya. Kun tuna shekarar da ya dafa dutse? Wani dattijon Bafillace, Arɗo Jaɓɓi, ya zauna aski, aka kai tsakar ka, ya ce su a wajensu haƙuri yana dafa dutse. Kawu ya ce wannan namu ne, Fulani suka tsince shi a hanyar kiwo kamar yadda shanunsu ke tsintar dawar mutane. Gardama ta kaure, Arɗo ya ce ku Haɓe faɗa kawai kuke yi, ba ku taɓa gwadawa ba. Shi ke nan fa! Kawu ya ɗauko dutse daga rafi, ya wanke, ya sa a tukunyar matarsa Gwaggo Asabe, ya hura wuta. Kwana uku yana iza icce, Gwaggo tana tsine wa Arɗo da shanunsa. Rana ta uku ya tara mutane, ya ɗebi romon a ludayi, ya kurɓa, ya daɗe yana tauna baki. Arɗo ya ce yaya?

"Babu gishiri," in ji Kawu. "Kuma ku shaida, haƙuri bai ƙare ba, dutse bai dahu ba. Iccen Asabe ne yaƙ ƙare."

Gwaggo ta yi sati tana ba shi tuwo da sanyi. Dutsen kuwa ya mayar da shi na wasa aska, yana cewa ba wanda ke da dutsen washi dafaffe duk ƙasar Zamfara sai shi.

Lokacin da gubar dalma ta kwantar da yara a ƙauyukan nan, Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, Kawu ya yi wata biyu bai tsayar da aska a kan kowa ba. Duk uban da ya zo daga wajen jinya, a shiru yake aske shi tas ya sallame shi. Sai da abin ya lafa halinsa ya dawo, kuma a kan wani likita Bature ya dawo. Likitan ya zo wucewa da tafintansa, ga shi da sanƙo fetal tun daga goshi har tsakar ka. Kawu ya miƙe ya tare hanya, ya ce a gaya wa baƙo an riga an yi masa rabin aski tun daga sama, saura ya biya karin magana a ƙarasa. Liman da ke zaune ya yi ta istigfari yana ɓoye dariya a hannun riga. Baturen ya yi tunani, ya ce su suna cewa kada ka zuba ƙwanka duka a kwando ɗaya. Kawu ya jinjina kai, ya ce wannan sabo ne, kuma zancen masu arziki ne. Shi da kazarsa ɗaya da ƙwanta biyu, in ya nemi kwando na biyu ai Asabe za ta kira masa masu ruƙiyya. Ni ina gefe a kan babur kamar in yi kuka, don da safen nan na so ɗaukar tafintan ya ce zai taka da ƙafa.

Mutumin da ya haddace zancen zaman duniya na ƙabila goma sha, ya san abin da Barebari suka ce a kan yafiya, ya san na Zabarmawa a kan zumunci, amma ɗan ƙanwarsa na gaishe shi yana amsa wa durumi. Wata rana Liman ya gaya masa haka a gaban jama'a. Kawu ya ce shi dillalin magana ne, ba a ce dillali ya sa duk rigar da yake talla ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Wanda na fi sa rai da shi na wani Buzu ne mai gadin ramin haƙa. Ya ce su a hamada suna cewa ku nisanta tantunanku, ku kusanta zukatanku. Wallahi da na ji shi, na ce yau Kawu zai karye. Na same shi yana gyara zabira, na faɗa masa a hankali. Har na fara cire hula. Sai ya ce ya ji shi shekara huɗu da suka wuce, kuma rabin farko na riga na cika shi, tantina ya yi nisa ƙwarai, Allah ya yi albarka. Na mayar da hulata na tafi. Ranar na ji haushinsa sosai, na rantse ba zan sake kawo masa ko tatsuniya ba.

Bayan damina ta shida ciwo ya kwantar da shi. Aka naɗe tabarmar durumi. Inna ta ce in je in duba shi, na ce da wane karin maganar? Ta ce in je da ƙafafuna. Na same shi da la'asar a zaure, an jingina shi da bango, ya rame har zoben hannunsa na yawo. Na gaishe shi, ya dubi kaina da ya sha reza, ya yi tsaki.

"Mi kak kawo?"

"Ban kawo komi ba, Kawu. Na gaji da yawon bakin mutane. Ranar sunan nan ni nay yi laifi. Da na jira ka ko da rana za ta faɗi. Ka yafe mani."

Sai a lokacin na tuna cewa cikin shekara shida na aika Inna, na aika goro, na kawo zancen Mosawa da na Buzaye, amma wannan kalma ban taɓa buɗe baki na faɗa masa ba.

"Shekara arba'in ina riƙe da kawunan mutane," in ji shi. "Na ji na Gabas, na ji na Yamma. Ba a taɓa zama gabana anka ce, ni nay yi laifi ba. Wanga sabo na. Asabe, kawo zabira."

Na zauna a gabansa. Ya jiƙa mini kai, ya wasa aska a dafaffen dutsen nan, ya kama daga kunnen dama. Hannun babu ƙarfi, amma da aska ta taɓa fata sai ta san hanya. Na rufe ido, hawaye na bin ruwan askin, ban damu ba. Da ya kai tsakar ka sai ya tsaya. Na yi murmushi ina jiran tambayar da kowa ya sani. Ba ta zo ba. Na buɗe ido na ga askar a cinyarsa, yana kallon yatsunsa. Ya ce hannu ya ƙi, in dawo gobe da hantsi a ƙarasa.

Da hantsi na dawo, na tarar ana yi masa wanka.

A maƙabarta ni na shiga kabari na karɓe shi. Ina sunkuyawa hulata ta faɗi. Jama'a suka ga kai, dama sumul, hagu Gonar Awaki. Sai Arɗo Jaɓɓi ya kasa riƙe bakinsa, ya ce shi ke nan, Bawa ya tafi da rabin kan mutum har lahira. Dariya ta ɓarke a bakin kabari, Liman na tsawatarwa gemunsa na rawa, masu dariya suna share ido da hula.

Ranar addu'ar uku ina zaune a zaure, har lokacin da rabin kai, don na ce ba mai taɓa shi, sai ga Ɗan'ige. Ya tsuguna ya buɗe wani ƙyalle, sai ga askar Kawu. Ya ce yammacin da na tafi Kawu ya aika aka kira shi, karo na farko a shekara talatin. Ya ba shi askar ya ce in gobe ba ta same shi ba, ya ƙarasa wa Lawali. Ya ce kada ya tambaye ni komai, na riga na biya. Kuma ya bi a hankali bayan kunnen hagu, akwai tabon da na samu ina shekara huɗu da na faɗo daga kan jaki, fatar wurin ba ta da kauri.

Ni kaina na manta da tabon nan. Na sunkuyar da kai, Ɗan'ige ya ƙarasa, ya bi bayan kunnen a hankali.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya yafe masa taurin kansa kamar yadda ya yafe mini nawa. Ya Ubangiji, shi ya saba barin bayinka da rabi, Kai kuma ba ka yin rabin alheri. Ka cika masa rahamarka, ka sanyaya makwancinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya. Amin.