Ɗakin Siminti da Albasar Baba

Ni ɗiyar mahauci ce, daga Jega, unguwar Magaji. Kafin a kai ni Danwarai, garin mijina, abin da na sani game da albasa shi ne a yanka ta a barbaɗa kan tsire. A shekarar da anka yanke mana jiha daga Sakkwato anka yi aurena, na faɗa gidan da ba a maganar komai sai albasa, tun daga kalaci har a shimfiɗa tabarmar barci.

Ina da hali guda da ya hana ni zaman lafiya tun ina ƙarama: ban iya ganin abu in bar shi ba. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Me ya sa kaza ke ɗaga kai in ta sha ruwa? A gidanmu an saba, sai a ce in je in tambayi kazar. A gidan miji kuwa uwar mijina, wadda nake kira Inna, ita ta sha wahalata. Takan ce an kawo mata alƙali, ita da ta aika a nemo mata mai daka.

Surukina, Baba, ba na yi masa magana ido da ido, kunya ba ta bari. Amma yana da wurin zama a bayan zana, kusa da madafa, kuma kunnensa ya fi idonsa lafiya. In na tambayi Inna abu ta kore ni, sai a ji tsoho ya yi gyaran murya ya ba da amsa, kamar da zanar yake magana. Haka munka yi ta hira shekara guda ba wanda ya kalli wani. Da na tambayi dalilin da ake tattake ganyen albasa kafin a cire ta, ya ce don wuyanta ya bushe ya rufe. Da na tambayi abin da ke sa ta kawo hawaye, ya ce ramuwa take yi, kowa anka sa wa wuƙa ai sai ya rama. Na san wasa yake, amma na karɓa.

Tambaya guda ce ya kasa. Rumbun gero an shafe shi da laka, an toshe ko'ina. Albasa kuwa a rudu ake zuba ta, wato ɗan rumbu na kara da ciyawa a bisa itatuwa, iska na ratsa shi ta kowane gefe, har akuya na iya zura baki. Na ce wa Inna, abin da ya fi gero tsada me ya sa ya fi shi rashin tsaro? Daga bayan zana Baba ya ce, "Haka munka iske."

Baba yana da irin albasa nasa, wanda ya gada wurin mahaifinsa: ja ce sosai, mai siririn wuya, mai jure ajiya. Bai taɓa ba kowa ba, ko ɗan'uwa, kuma an sha zaginsa da rowa a kan haka. Irin albasa ba ya daɗewa a ƙwarya, in ya shekara ya wuce sai ya ƙi tsira. Don haka kowace shekara Baba yakan zaɓi manyan kawuna da hannunsa, a ajiye su har damina ta wuce, a yanke musu kai a dasa, su yi fure su ba da sabon iri. A ranin da nake magana shanu sun shiga lambu sun tattake furen kaf. Ba a samu iri ko cikin tafi ba. Abin da ya rage na albasar kakanni shi ne sababbin kawunan da Baba ya zaɓa don dashi na gaba, kwanduna kaɗan.

Maigidana a lokacin yana zuwa Birnin Kebbi aikin gini, don sabuwar jiha ta sa ko'ina bulo ne da kwano. Ya dawo ba abin da ke kansa sai siminti. Ya gina ɗan ɗaki a tsakar gida, bulo, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, babu taga ko ɗaya don kada ɓera ya samu hanya. Ya ce abin da ya rage guda ɗaya tak ba a barinsa ga akuya da ɓarayi. Gaskiya don ƙaunar uban nasa ya yi, ban taɓa shakka ba. Baba ya ce a rudu ake sa ta. Ɗan ya tambaye shi dalili, cikin ladabi, kai a ƙasa. Tsoho ba shi da amsar da ta wuce wadda ya ba ni, ga shi kuma ya riga ya miƙa wa ɗan nasa gandu tun da idonsa ya fara rauni. Anka kwashe kawunan anka zuba a kan daɓen siminti, anka danna kwaɗo. Maigida ya sa makulli a aljihu ya koma Birni.

Zafi ya yi zafi, sannan ruwa ya sauka. Kowa ya shiga noman gero, ba mai waiwayar ɗakin sai Baba, da yakan bi ta nan da sandarsa ya dafa ƙofar ya wuce. Ni ce na fara jin warin, don ɗakina ne kusa. Na ce wa Inna wani abu ya mutu. Ta ce hancin mutanen Jega ne, ba sa rabo da jin nama. Kwana kaɗan sai ga wani ruwa baƙi-baƙi yana bin ƙasan ƙofa, ƙudaje sun yi masa layi. Ran nan Inna ba ta yi mini ba'a ba. Ta aika anka kira maƙeri ya ɓalle kwaɗon.

Da ƙofar ta buɗe wani hucin ɗumi ya buge mu, kamar an buɗe tukunyar dambu. Ƙasan kwanon rufin duk gumi ne, yana ɗiga. Na cusa hannu cikin tarin, na ji shi da zafi kamar jikin mai zazzaɓi, yatsuna sunka nutse. A nan na samu amsata, ba wanda ya gaya mini. Gero busasshe ne, in an toshe shi sai ya kwanta. Albasa kuwa da ranta ake ajiye ta, tana numfashi, tana gumi, in iska ba ta kwashe gumin ba sai ta dafa kanta. Shekaru bayan haka ɗiyata da ta yi makaranta ta maimaita mini wannan da manyan kalmomi, har ta ƙara da cewa wani tururi ne ke tashi in an yanka albasa, shi ke shiga ido ya sa hawaye.

Munka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida munka juye. Baba ya fito daga bayan zanarsa, karo na farko da ya zauna kusa da ni haka. Tunda ba ya gani sosai, da hannu yake duba su: ya ɗauki kai guda, ya latsa wuyan da babban yatsa, ya sansana, ya ajiye gefe. Ni ina miƙa masa. In na ga mai ɗan tauri sai in yi saurin ba shi, shi kuma ya latsa, ruwa ya fito. Har anka kira la'asar bai ware ko ɗaya ba. Na ji haushin mijina, na ji haushin siminti, na ji haushin Birnin gaba ɗaya, amma ba wanda zan zaga.

Da ya ɗauki na ƙarshe ya daɗe yana juya shi a tafinsa. Na saci kallonsa, sai na ga ruwa yana bin fuskarsa har cikin gemu. Ya ji na tsaya, ya goge da hannun riga.

"Albasa ce, ɗiyata," in ji shi.

Ni da na yi yini hannuna cikinta na san ruɓaɓɓiyar albasa wari kawai take yi, ba ta taɓa ido, kuma ba wanda ya sa wuƙa a wurin. Na ce, "Haka ne, Baba." Na tashi na ɗauko tsintsiya.