Mai Guga da Hannun Inna

Mai Guga ba mafaɗaciya ba ce, shi ya sa ranar da ta gwada faɗa aka yi mata kaca-kaca. Direban da ke ɗakin bakin ƙofa ne ya kawo mata wanduna. Ta laluba aljihu kamar yadda ta saba kafin ta ɗora dutse, sai ga ɗan kunne wari ɗaya. Da wata mai wayo ce, sai ta jira mai wando. Ita kuwa ta ɗauka har bakin murhu, ta miƙa wa matarsa, ta ce, "Ga naki, kin yar a aljihun maigida." Matar ta juya shi gaba da baya, ta shafa kunnuwanta ta ji nata suna nan lafiya lau. Kafin la'asar ta tafi gidan iyayenta, ta bar tukunya a kan wuta.

Direba ya dawo ya tarar da ƙauri. Ya tsaya a tsakar gida yana huci.

"Wa ya aike ki? Guga na ba ki ko bincike?"

"Abin da ba nawa ba, ba ya kwana a wurina," in ji ta.

"To ki bari ya kwana a wurina mana! Wallahi gara ɓarawo da ke. Ɓarawo ya shigo, ya ɗauki rediyo, ya bar maka mata. Ke da gaskiyarki kin kwashe min gida kaf!"

Gidan haya ya ɗauki dariya, har da masu leƙe ta taga. Mai Guga ta shige ɗaki. Kowa ya ɗauka kunyar kaye ce. Ba wanda ya san wace kalma ce ta soke ta.

A gidan sane aka haife ta. Uwarta, wadda suke kira Inna, ta yi suna a tasha da layin asibiti da duk inda jama'a ke matsuwa. Siririyar mace ce mai fuskar tausayi, wadda za ta taya ki gyara goyo, ki yi mata godiya har da addu'a, sai kin isa gida ki ji jakarki shafal. Uban bai zauna ba, leƙowa ya yi sau biyu, ya bar 'ya'ya biyu, ya ƙara gaba. Babbar ita ce Mai Guga, wadda Inna ke kira Mage saboda ba a jin takunta. Ƙaramin kuwa Auta. Wasu iyaye wanke-wanke suke koya wa 'ya'yansu. Inna cokula take zubawa a jaka ta rataye a ƙusa, ta ce a zaro na tsakiya. In suka yi ƙara, babu abincin rana.

Mage ta iya, har ta so ta fi malamarta. Amma rana dubu ta ɓarawo. Tana budurwa aka kama hannunta cikin jakar wata 'yar kasuwa a tasha, jama'a suka rufe ta. Ta ɗaga ido ta hango uwarta tana kutsowa, ranta ya yi sanyi. Inna na isowa ta zabga mata marin da ya fi na kowa, tana cewa, "'Ya'yan zamani! Ina iyayenku suke?" Kuma a cikin turmutsitsin nan sai da ta rage wa mutum biyu nauyin aljihu. Da aka sako yarinyar fuska a kumbure, Inna ta zauna tana gasa mata da ruwan zafi. "Da na ce ke tawa ce, mu biyu za su daka. To wa zai gasa wa wani?" Magana ce mai hankali, irin hankalin da ke kashe zuciya. Mage ta bari kumburi ya saɓe, ta shiga mota, ba ta waiwaya ba.

A garin da ta sauka ta sayi dutsen guga na gawayi da tsohon bargo, ta kama ɗaki a gidan haya. Ta yi aure, auren ya mutu babu haihuwa, ta dawo ɗakinta da dutsenta. A kan teburin nan furfura ta same ta. Hannun da aka horar ya shiga aljihu ba a ji ba, yanzu da sallama yake shiga. Maɓalli, tsinken sakace, ƙwayar magani, duk sai ta jera a faranti ta bi ɗaki-ɗaki tana mayarwa. Har tsokanarta ake yi: "Mai Guga, kin riƙe min ƙurar aljihu." Sai ta yi murmushi. Sunan nan shi ne duk abin da ta tara a duniya. Nas ɗin da ke ɗakin kusurwa ita take bar wa makulli in za ta aiki, Baba Mai Gida kuwa ba ya ba kowa manyan rigunansa sai ita.

Ana nan, wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofa. Wani ƙato mai tumbi ya fito, sai da ya yi dariya ta gane Auta ne. Yadda ya gano inda take, shi ya sani, ɓarawo ba ya rasa hanyar gida.

"Yaya, ga uwarki. Ƙwaƙwalwa ta tafi. Jiya gishiri ta zuba min a shayi, ta kira ni ɗan sanda. Ni na yi nawa."

Ya dire ƙunshin kaya, ya ja mota tun kafin ta sami takalminta. Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙanƙance kamar tsohuwar tsintsiya. Ta dubi 'yarta ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Nan ne ake jiran mota?"

Mai Guga ta yi shekara da shekaru tana wasa maganar da za ta gaya wa matar nan. Ga wuƙa ta yi kaifi, babu nama. Sai ta ɗora ruwa a wuta, ta yi mata wanka.

Inna ta manta sunanta, ta manta gabas, ta manta ko ta ci abinci. Yatsu kuwa ba su manta komai ba. Takan zauna a tsakar gida, mata na son ta, tana shafa kan yara, tana taya wannan gyara ɗankwali, tana riƙe wa waccan bokiti. Da la'asar ta shigo ɗaki ta tura ƙofa, ta kwance bakin zane: sabulun wani, cokali, tabaran Baba Mai Gida, takalmin jariri ƙafa ɗaya.

"Baiwar Allah, ajiye wa Mage. Ta ɓace min a tasha, ko karyawa ba ta yi ba. In ta zo ki ba ta."

"Inna, ni ce Mage."

Tsohuwa ta ƙare mata kallo, ta bushe da dariya. "Ke? Da wannan furfurar? Ai kin girme ni."

Mai Guga ta gwada kulle ta a ɗaki. Inna ta durƙusa a bayan ƙofa tana kuka, tana cewa, "Ranka ya daɗe, ban ɗauki komai ba." Mai Guga ta buɗe, ba ta sake ba. Gaya wa maƙwabta kuwa tonon asirinta ne, ga shi Baba Mai Gida ya taɓa korar ɗan haya a kan bokiti. In aka kori Inna, ina za ta? Sai Mai Guga ta koma sana'ar da ta gudu ta bari, amma a juye. Uwa ta ɗauko, 'ya ta mayar.

Tana miƙa wa Baba rigarsa, tabarau ya koma aljihu. Tana gaisawa da mai girki, cokali ya faɗa kwando. Matar Baba ta nemi ɗan makullin akwatinta kwana da kwanaki, ta tsince shi a bakin zanenta, har ta je asibiti a duba mata kai. Direba ya ce aljanu ne, "amma masu tarbiyya, aro suke yi." Aka yi ta turare a lungu-lungu, Inna na taya su fifita wa garwashi, ashana na bin ta ɗaki. Abin da ya fi ci wa Mai Guga rai shi ne hannun ya ji daɗi. Takan koma teburinta ta damƙi dutse tun yana da zafi, kamar mai horon yaro.

Sai dai yatsun da suka tsufa a kan gawayi ba na budurwa ba ne. Agogon da nas ke maƙalawa a ƙirji ne ya shigo bakin zanen Inna. Da safe a wurin famfo, nas ta sunkuya tana wanke fuska, jakarta a kafaɗa. Mai Guga ta matsa, ta ja zif, zif ya cije. Matar direba, wadda tuni aka yi biko ta dawo, tana tsaye da buta.

"Lah! Jama'a! Mai Guga!"

Kafin ka ce kwabo gida ya cika. Ga Mai Guga tsaye, agogo a hannu.

"Ke?" in ji nas. "Ke da nake bar wa makullina?"

"Mayarwa nake yi."

"Haka kowa ke cewa," in ji direba, bakinsa har kunne.

Ana cikin hayaniya Inna ta fito, tana bi ta tsakanin mutane tana yi musu sannu ɗaya bayan ɗaya. Ta iso gaban 'yarta, a kan idon kowa ta danƙa mata tarin makullan Baba Mai Gida da wayar direba, ta rage murya irin ta masu sirri. "Baiwar Allah, riƙe. Yau kasuwa ta cika."

Wani ya fashe da dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Nas ta juya fuska. Baba ya karɓi makullansa yana jinjina kai.

"Ke mun san ki, ki zauna. Tsohuwa kuwa a kai ta inda ake kai irinta, ko a mayar wa wanda ya kawo ta."

"Mun san ta ina?" in ji matar direba. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Mai Guga ta dubi Inna, wadda ta riga ta zauna tana wasa da igiyar shanya. "Baba, ka yi min haƙuri zuwa ƙarshen wata. Tare za mu tashi."

Daga ranar ba wanda ya sake kawo guga. Masu kaya a wurinta suka zo suka karɓa a yamutse, suna laluba aljihu a gabanta. Ta sami wani ɗan ɗaki a gefen gari, bayan garejin makanikai, inda babu abin ɗauka sai ƙusa da tsumma mai baƙin mai. A can ta ƙarasa rayuwarta tana goge wa makanikai kayan fita. A can kuma Inna ta cika, hannunta dunƙule da murfin kwalba da ta ajiye wa Mage.

Amma abin da mutanen gidan haya suka riƙe shi ne ranar tashi. An ɗora tebur da katifa a kan kura, dutsen guga a sama, Inna na zaune a kan ƙunshi tana tambaya ko mota ta cika. Sai ga Auta, a wata motar daban, da lemo a leda. Labari ya kai masa cewa hannun tsohuwa na nan da ransa.

"Yaya, na zo in sauke miki nauyi. Ba ni ita, ki koma ɗakinki. Baba, ko ba haka ba?"

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ga ɗa na gari."

"Me za ka yi da ita?" in ji Mai Guga.

Ya ja ta gefe, amma muryarsa ba ta san gefe ba. "Ke ba ki da lissafi. Tsohuwa marar hankali, wa zai kama ta? In an kama ta ma, me za ta ce? Ko sunanta ba ta sani ba. Ita ta ji daɗi, ni in ji daɗi. Kin fi so ta ruɓe a bayan gareji?"

"Ba inda za ta."

"Ke da kika gudu kika bar ta, yau kin zama mai uwa? Ni na ci wahalarta! Sai na tafi da ita, in ga mai hana ni!"

Ya kama hannun Inna. Tsohuwa ta ɗago tana murmushi, ta ce masa, "Ranka ya daɗe." Mai Guga ta cire hannunsa a hankali, ta miƙa masa nata, mai tabon ƙuna tun daga yatsu har wuyan hannu.

"In hannu kake nema, Auta, ga nawa, ya fi nata. Mu je. Sai dai ka sani, ni in aka kama ni, ban manta sunan kowa ba."