Bawul Ya Yi Ja

Shekara goma sha biyu ke nan Uwar Rediyo na riƙe da shagon gyaran rediyo na mahaifinta, tun da idanunsa suka mutu. Shi kuwa kullum yana kujerar bakin ƙofa, ya kasa kunne.

Wata rana wani likita ya kawo tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai bawul na gilashi irin ƙwan fitila. Bawul biyu sun ƙone, irinsu kuma sun yi ɓatan dabo a kasuwa, sai ta saka masu kama da su. Tana kunnawa, ɗaya ya fara ja kamar garwashi.

"Ina jin ƙauri," in ji Baba. "Wuta ta yi musu yawa. Kashe!"

"In na kashe ba zan ga awon wutar ba, Baba."

Ta cusa hannun hagu cikin aljihu yadda ya koya mata, don kada ya taɓa wutar ciki, wadda kisa take. Da na dama ta riƙa murɗa ɗan sukurun daidaita wuta, idonta a kan allurar mitar awon wuta, gumi na tsiyaya. Allurar ta sauko sannu a hankali, jan ya dushe.

Likita ya sauke numfashi. Aka sa waƙa, Baba ya saurara.

"Bawul na hagu yana gurnani," in ji shi. "Rage kaɗan."