Fijon Balarabe Direba da Saƙon da Bai Isa Ba

Duk wanda ya shiga zauren Malam Balarabe Direba a Dugabau, cikin ƙaramar hukumar Kabo, zai tarar da kujerar bayan mota jingine da bango, an ɗora ta a kan bulo. Fatarta ta tsage, an ɗinke da zaren buhu. A kanta yake zaunar da baƙinsa, kuma ita kaɗai ta rage daga motar da mutanen garin suke kira Ungozoma.

Balarabe ɗan manoma ne. Ya fara bin mota yana saurayi a hanyar Gwarzo zuwa Kano, ya daɗe yana tuƙa ta wasu kafin Allah ya ba shi tasa: Fijo doguwa, fara, wadda ya saya a hannun wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Haya yake yi da ita ranakun kasuwa. Sai dai ba hayar ce ta sa aka san ta ba. Duk macen da naƙuda ta yi wa tsanani, da duk maras lafiyar da ba zai iya zama a kan babur ba, ƙofar Balarabe ake bugawa, ya kai su asibitin Kabo ko na Gwarzo, kuma ba ya karɓar ko kuɗin mai. Da damina, idan hanya ta caɓe, wasu matan a kujerar baya suke sauka, tsohuwa tana riƙe da su, shi kuwa ya fita ya tsaya nesa ya juya baya. Daga nan motar ta samu sunanta. Akwai magidanta a Dugabau yau da ake tsokana da cewa ba a ɗaki aka yanke musu cibiya ba.

Da shekaru suka ja, yanar ido ta rufe masa gani. An yi masa aiki, gani ya dawo kaɗan, amma likita ya hana shi tuƙi. Motar ta zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, kullum yana goge ta, yana tayar da injin don kada ya mutu. Masu sayen tsofaffin motoci sun zo daga Kano, ya sallame su, domin ya san kwance ta za su yi su sayar da kayanta. Abin da yake nema shi ne wanda zai riƙe ta a Dugabau, ta ci gaba da aikin da aka san ta da shi.

Ana haka sai labari ya zo cewa Lukuman, mijin 'yarsa Kamila, ɗan kasuwar hatsi a Gwarzo, yana son motar. Balarabe ya yi murna, amma akwai kunya a tsakani. Lukuman ba ya shiga zauren nan sai ya cire takalmi ya durƙusa, ba ya ɗaga ido, ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. Suruki ba ya zama da surukinsa su ja ciniki, balle ya kafa masa sharaɗi baki da baki. Saboda haka Balarabe ya kira Nata'ala, dillali a tashar Kabo, abokinsa tun suna samari, wanda suka fara bin mota tare.

"Ba ruwana da tsada," in ji Balarabe. "Abin da ya iya ya bayar. Magana ɗaya ce za ka kai mini: ta riƙa kwana a Dugabau, a samu direba a nan, mai naƙuda da maras lafiya a kai su kyauta. In ya yarda, na sallama."

"Direba ke nan," in ji Nata'ala yana dariya. "Mota za ka sayar ko aurar da ita za ka yi?"

"Aurar da ita zan yi. Kai ne waliyyi."

Nata'ala ya je Gwarzo ya dawo, ya ce yaro ya amince da komai. Balarabe ya miƙa makulli da takardu, aka yi fatiha. Aka ce za a kai ta Gwarzo a gyara birki a sake taya, sannan ta dawo.

Ba ta dawo ba. Kaka ta wuce, rani ya shigo. Duk lokacin da ya tambayi Nata'ala sai ya ce makaniki ne yake ja musu rai. Lukuman kuwa yana zuwa gaisuwa, ya durƙusa, ya tashi, maganar mota ba ta shiga tsakaninsu. Balarabe ya shaida mini cewa a watannin nan ya riƙa zargin surukinsa a zuci, yana amsa gaisuwarsa a daƙile.

Abin da ya fasa shirun shi ne naƙudar Murja, matar maƙwabcinsa. Mijinta ya buga masa ƙofa kamar yadda aka saba, ya manta babu mota. Sai daga Kabo aka nemo babur mai ƙafa uku. Ta rayu, jaririn ma ya rayu, amma ta sha wuyar da aka daɗe ana maganarta. Da Kamila ta zo barka, uban ya kira ta zaure.

"Ki tambayar mini mai gidanki, alkawarin motar nan fa?"

"Wane alkawari, Baba?"

Ya faɗa mata. Sai ta ce, "Wallahi Baba ba a gaya masa ba. Baba Nata'ala cewa ya yi kana so ka rabu da ita ka huta. Bayan sati ya dawo da mutanen Kano, ya ce injin ya gama aiki, gara a sayar tun tana da daraja, aka sayar musu. Kunya ce ta hana mai gidana gaya maka, yana ganin za ka ce ya raina kayanka."

Washegari Balarabe ya hau babur zuwa tashar Kabo. Waɗanda suke wurin sun ce bai ɗaga murya ba.

"Nata'ala, saƙona fa?"

"Haba Direba, zauna mana a kawo shayi."

"Saƙona nake tambaya."

"To, da na faɗa masa, da ya saya? Wa zai sayi mota ya ajiye wa gari? Ka tsufa, ta tsufa. Taimakonka na yi."

"Da ka dawo ka ce mini bai yarda ba, da tana nan gindin darbejiya. Mutanen da na kora daga ƙofar gidana, su ka kai wa ita."

Na nemi jin ta bakin Nata'ala daga baya, ya ce shi dillali ne, aikinsa haɗa ciniki, kuma ba ya ganin motar za ta ƙara shekara a kan hanya. Bai musanta cewa bai isar da saƙon ba.

Lukuman ne ya ajiye kunya, ya zo ya ɗauki surukinsa suka tafi kasuwar kayan mota a Kano, ko za a fanso ta. Ita ce doguwar tafiya ta farko da suka yi su biyu. Sun tarar an cire injin, an sayar da ƙofofi da gilasai, gangar jikin ta tafi wurin masu narka ƙarfe. Kujerar baya ce kawai take jingine a bayan wani shago, babu mai so. Lukuman ya ɗauko ta a ka har bakin titi.

Balarabe ba ya ɗora laifin a kan surukinsa. Yakan ce da ya iya buɗe baki sau ɗaya a zauren nan, da ba a yi haka ba, amma ya ɗauka wanda kuka taso tare ya isa ya riƙe maka magana ɗaya daga Dugabau zuwa Gwarzo.

Da Sallar da ta wuce Nata'ala ya zo gaisuwa. Ya yi sallama, Balarabe ya amsa, domin amsa sallama wajibi ne. Da baƙon ya nufi kujerar zai zauna, sai mai gida ya miƙe, ya ɗauko tabarma, ya shimfiɗa masa a waje, gindin darbejiya, a filin da motar take tsayawa.