Tsatsa a Bambar Motar Yaya

Motar ba tawa ba ce, ta yayana ce. A-kori-kura ce fara, tsohuwa, wadda ya daɗe yana jigilar hatsi da takin zamani da ita tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, ranar kasuwa kuma ya miƙa Babura. Ni tela ne. Na iya tuƙi tun ina saurayi, shi ma ya koya mini, amma ban taɓa zaton zan ci abinci da sitiyari ba. Sai da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yaya, hannunsa na dama da ƙafarsa suka daina yi masa aiki, bakinsa ya karkace, sannan na rufe shagona na karɓi makulli. 'Ya'yansa ba su tasa ba, ɗinki kuwa ba zai riƙe gida biyu ba.

Akwai abu ɗaya a jikin motar da Yaya yake ji da shi, wato bambar baya, ƙarfen nan mai kauri da ke kare bayan mota. Da kansa ya sa mai walda ya ƙera masa ita, ya kuma sa aka yi mata koren fenti shar, wai don ya riƙa hango motarsa daga nesa a cikin fararen motocin tasha. Direbobi sun sha tsokanarsa a kan wannan kore, bai taɓa damuwa ba.

Daminar farko da na yi a motar ta gajiyar da ni fiye da duk wani ɗinkin sallah da na taɓa yi. Manoma suna neman taki, kowa yana so a kai masa yau. In na fita bayan asuba, sai in yi lodi, in bi hanyar burji zuwa ƙauyukan Gwiwa, inda tsakuwa ke tashi tana bugun ƙarƙashin mota kamar ana jifanta. Wani lokaci ruwa ya tare hanya in tsaya jira, wani lokaci taya ta nutse a taɓo mu yi ta turi. Buhunan taki ba sa rasa mai ɓula, farin garin ya zube a bayan mota, ruwan sama ya narkar da shi ya gangara ta baya. Ban taɓa kula da inda yake zuwa ba. In na dawo gida, bayana ne ke ciwo, idanuna na yaji, babu abin da nake so sai in zauna a ƙasa in miƙe ƙafa.

Kullum bayan la'asar matar Yaya takan sa a fito da shi ƙofar gida, a zaunar da shi a kujerar roba a gindin darbejiya. Nan nake ajiye motar, bayanta na fuskantarsa. Wata rana na sauko ina ƙoƙarin wucewa cikin gida, sai na ji ya kira ni da muryar nan tasa da ta yi nauyi.

"Tela."

"Na'am, Yaya. Ya jikin?"

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna motar. "Bamba," in ji shi. Kalmar ta fito masa da ƙyar.

Na je na durƙusa na duba. A gefen hagu, kusa da fitilar baya, fentin ya yi ƙananan ƙuraje kamar na zafi a wuyan jariri. Na danna ɗaya da farce, ya fashe, wani jan gari ya fito. Akwai kuma wani siririn layi ja da ya gangaro daga kan wata ƙusa.

"Ɗan tsatsa ne, Yaya," na ce. "Ba wani abu ba ne. Zan duba shi."

"Taki ne," ya ce. Ya ɗan huta, sannan ya ƙara da cewa, "Zai ci."

Na ce to, na shige gida.

Washegari Roni na tafi, jibi Gwiwa, gata kuma wani ya roƙe ni in ɗauko masa raguna daga Babura. Duk yammar da na dawo sai in tarar da idon Yaya a kan wurin nan. Ba ya ma ƙara magana, kallo kawai, daga bamba zuwa fuskata. Da abin ya dame ni, na sami tsumma na tsoma a baƙin mai na goga wa wurin, kamar yadda na ga wasu direbobi suna yi. Kafin in dawo daga tafiya ta gaba, jar ƙasa ta manne a kan man, wurin ya yi dabbare-dabbare. Yaya ya kalla sau ɗaya, ya kau da kai wajen bango.

Matarsa ce ta same ni a zaure da safe ina ɗaura takalmi.

"Tela, don girman Allah ka yi masa abin nan," ta ce. "Jiya tuwo ko taɓawa bai yi ba. In na tambaye shi me ke damunsa, sai ya ce mota. Na san kana wahala da mu, ba na raina ba ne."

Na so in ce mata ƙarfe ne kawai, ba shi ke jan mota ba, ba shi ke tsayar da ita ba. Na so in ce ni ma ina da abin da ya lalace, kekena na ɗinki na can a rufe, ban san halin da yake ciki ba. Amma na ga idonta, ita ma ba barci take samu ba. Na ce mata in sha Allahu ranar Juma'a ba zan fita ba.

Akwai wani mai fentin mota a bayan tasha, Kirista ne daga Filato, ya daɗe a Kazaure har ya yi furfura a nan. Shi ya yi wa bambar fenti tun farko. Da na kai masa motar ranar Alhamis da yamma, kafin ya dubi ƙarfen sai da ya tambayi jikin Yaya, yana girgiza kai.

"Ka bar mini ita in yi," ya ce.

"A gida nake so in yi, a gabansa."

Ya dube ni, ya gane. Ya kankare ƙurji ɗaya da bakin wuƙa ya nuna mini. "Bai yi nisa ba, Malam. Amma kada ka shafa fenti a kansa, zai ci gaba da ci ta ƙasa. Ka cire ta gaba ɗaya, ka wanke man nan da ka shafa, ka goge da samfefa, takardar gugar ƙarfe, har sai ka ga ƙarfe fari yana ƙyalli. Ka wuce bakin ƙurjin kaɗan. Sannan ka shafa jan fenti na ƙasa mai hana tsatsa, ka bar shi ya bushe sosai, kafin kore. Kuma ka juya ta ka duba ciki, can ne ruwan taki ke kwana."

Wurin haɗa koren ne muka daɗe. Ya zuba, ya juya, ya ɗiga a kan bambar, na ce ya yi duhu. Ya ƙara fari, na ce ya yi haske. Duk wanda ya yi rayuwarsa yana zaɓen zaren da zai dace da yadi ba ya iya kau da ido daga irin wannan. A ƙarshe ya yi dariya ya ce rana ta riga ta ci tsohon fentin, ko shi da ya haɗa na farkon ba zai sake samo shi ba. Na karɓi wanda ya fi kusa.

Ranar Juma'a na fara tun da hantsi. Ƙusoshin bambar sun ƙi kwancewa, sai da na jiƙa su da kananzir na jira, na taka sifana da ƙafa, ɗaya ma ta karye. Da bambar ta sauka na juya ta, na ga gaskiyar mai fenti: cikinta ya fi wajen lalacewa, laka da taki sun daskare a lungu, ƙarƙashinsu ja wur. Na ɗora ta a kan bulo a gindin darbejiya, na wanke ta da omo, na bar ta a rana na tafi masallaci.

Da na dawo na tarar an riga an fito da Yaya, tun kafin lokacinsa. Shi ya matsa a fito da shi. Na zauna a ƙasa na fara guga. Ban jima ba ya miƙo hannun hagu.

"Ba ni."

Na yago masa samfefa, na jawo bulon kusa da ƙafarsa, na ɗaga ƙarfen yadda zai kai. Hannun ba shi da ƙarfi, kuma bai saba aiki da shi ba. Takardar ta riƙa suɓuce masa tana faɗuwa, ina ɗauka ina mayar masa. Wurin da ya goge bai fi tafin hannu ba, ya kuwa yi gumi sharkaf, yawu na zubo masa ta gefen bakin bai sani ba. Ni na yi sauran. Yatsuna suka yi kanta, jan gari ya cika mini hanci. Can ya tsaya, ya shafa wurinsa da babban yatsa, ya ce, "Ya yi."

Ina cikin shafa jan fenti hadari ya haɗo daga gabas. Na kinkimi bambar zuwa zaure, na dawo ni da matarsa muka kama Yaya muka shigar da shi. A zauren ta zauna tana bushewa a hankali saboda danshi, kowa na tsallake ta, gidan duk warin fenti. Na ci gaba da fita da motar haka nan babu bamba, in na dawo da sauran haske in shafa kore siriri, in bar shi. Da na mayar da ita, sabon koren ya bambanta da tsohon da na bari a tsakiya. Kowa ya ce ya yi kyau. Ni dai idona a kan bambancin yake.

A daren da aka ɗaura ta Yaya ya ci tuwo, da safe kuma ya ce zai bi ni Babura. Matarsa ta hana, ya nace. Tun da ya kwanta bai je ko'ina ba sai asibiti. Muka ɗora shi a gaba, muka tokare shi da matashin kai. Na tuƙa a hankali ta Achilafiya, yana kallon gero da ya kai ƙugu.

A Babura tsofaffin abokan aikinsa suka kewaye motar. Direbobi, 'yan dako, dillalan hatsi, har da wani mai canjin sefa, kuɗin Nijar, da suka saba. Kowa na miƙo hannu ta taga, "Alhaji, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Yana ƙoƙarin amsawa, maganar na sarƙewa, su kuma suna gyaɗa kai kamar sun ji. Bayan ɗan lokaci suka koma harkokinsu, kasuwa ba ta jira. Ya zauna shi kaɗai a cikin zafi, ni ina can ina fama da lodi.

Muna shirin tashi wani mai amalanken shanu ya zo wucewa ta bayanmu. Wurin ya matse, sa ɗaya ya goce, ƙarfen amalanken ya ja jikin bambar da ƙara. Na sauko da gudu. Ya yi mata zane dogo, daidai kan sabon fentin, har farin ƙarfe ya fito. Mutumin dattijo ne, ya sauko yana ta ba da haƙuri. Na buɗe baki, sai na ji ba ni da ƙarfin faɗa. Na ce ya tafi, Allah ya kiyaye gaba.

"Mene ne?" Yaya ya tambaya da na shigo.

"Amalanke ne ya goge ta. A gefen hagu."

Ya rufe ido. Muka kama hanya, mota ta yi nauyi da buhunan dawa, ina kauce wa ramuka saboda shi. Mun yi nisa, har na ɗauka barci yake, sai ya kira ni.

"Tela."

"Na'am, Yaya."

"Ka gaji."

"A'a, ba komai."

"Ka gaji," ya sake cewa. "Ni ma." Ya numfasa. "Ba zan ƙara zuwa ba."

Bai ƙara zuwa ba kuwa. Da muka isa gida ana kiran magariba, na goya shi a baya na shigar da shi ɗaki, don ƙafar mai lafiyar ma ta sage saboda zama. Matarsa ta kawo ruwa tana tambayar yadda hanya ta kasance, ya ce mata gero ya yi kyau bana. Na fito na sauke wa mai dawa kayansa, na share bayan motar, na watsa mata ruwa, abin da na koma yi kullum in na ɗauki taki. Sannan na yi alwala na bi sahun masallaci, ina jin ƙafafuna kamar ba nawa ba.