Ledojin da Aka Ɗauraye

Ni aka ɗora wa aikin tattara labaran 'yan ajinmu bayan mun gama jami'a, ba don na fi kowa iya rubutu ba, sai don kowa ya san ni da bin ƙwaƙƙwafi. Tun muna sashen nazarin abinci da gina jiki, in an ce wance ta yi saurayi ko wane ya faɗi jarrabawa, wurina ake zuwa neman ƙarin bayani. Da aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, shugabanmu ya ce tunda ba zan daina ba, gara a mayar da abin aiki. Duk ƙarshen wata nakan haɗa shafi biyu in tura wa kowa ta waya: wanda ya samu ƙarin girma, wadda ta haihu, wanda ya tafi ƙaro karatu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa.

Da rikici ya yi tsanani a Borno, rabin labaran suka koma na ƙaura. Wannan ya kwashe iyalinsa zuwa Kano, waccan ta koma Abuja wurin yayarta. Ni ban je ko'ina ba. A unguwar Umarari, nan cikin babban birnin jihar, aka haife ni, mahaifina tela ne da ya baro Kano tun yana saurayi, kuma ya ce shi da keken ɗinkinsa sun tsufa da tashi. Sai na kama aiki a wata rumfar kula da yara masu tamowa da aka kafa ƙarƙashin darbejiya, a harabar wani ƙaramin asibiti a Gwange. A lokacin mutanen ƙauyuka sun cika gari, kuma waɗanda suka raɓu a gidajen jama'a sun fi na sansani yawa a unguwar.

Aikin ba wuya a faɗa. Muna da ɗan tef mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi. In ya tsaya a kore, lafiya lau. Rawaya, a sa ido. Ja kuwa, yaron yana cikin haɗari, sai mu ba uwar maganin tamowa, wato wani niƙaƙƙen haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari a cikin ƙananan ledoji. Yaro yakan tsotsa daga ledar kai tsaye, ba a dafawa, ba a sa ruwa, kuma nasa ne shi kaɗai. Duk mako uwa ta dawo da yaron a auna, ta kuma kawo ledojin da ya shanye, don mu tabbata ba kasuwa suka nufa ba. Yawancin yara cikin 'yan makonni za ka ga kumatu sun fara dawowa.

Sai aka kawo min wata yarinya da ba ta cika shekara biyu ba, damtsenta kamar sillen kara, tef ya tsaya can cikin ja. Uwar doguwa ce, Babarbariya, da lafaya guda ɗaya da rana ta cinye wa launi. Hausarta kaɗan ce, ni ma Barbarcina na kasuwa ne, amma muna fahimtar juna. Na yage leda ɗaya na miƙa wa yarinyar don in ga ko tana iya ci. Ta riƙe da hannu biyu ta tsotse tas, har tana kuka da ta ƙare. Na ce a raina wannan mai sauƙi ce.

Mako ya zagayo, tef yana ja. Mako na biyu, ja. Na uku ma haka, har nauyinta ya ɗan ragu. Likitan asibitin ya duba ta, babu zazzaɓi, babu gudawa, babu tari. Duk zuwan da za su yi, yarinyar takan shanye ledar gwaji a gabana kamar wadda ta kwana biyu ba ta ci ba. Uwar kuma ba ta taɓa fashi ba, ledojin da take dawowa da su adadinsu cif, ko ɗaya ba ta ɓata. In na tambaye ta ko yarinyar tana sha, sai ta ce, “Tana sha, Malama, kullum tana sha.” Ta kuma kalle ni ido cikin ido, irin kallon wanda ba ƙarya yake yi ba. Abin ya hana ni sakat. Na san yaron da ya daɗe a ja, zazzaɓin kwana biyu ya isa ya tafi da shi, ga damina ta kusa.

A shafin labarai na watan, ƙasan sanarwar wani ɗan ajinmu da ya zama mataimakin darakta, na rubuta labarin yarinyar ba tare da suna ba, na ce duk mai shawara ya taimaka. Ban taɓa samun amsoshi da yawa haka ba. Mataimakin daraktan ya ce sayarwa take yi, ta tsinto ledoji a bola ta kawo min, wai na cika yarda da mutane. Wata da ke karatun digiri na uku a ƙasar waje ta turo min jerin gwaje-gwajen jini da ko sunan wasu ba a taɓa ji a asibitinmu ba. Wani ya ce uwar ce ke shanyewa. Wani kuma, Allah Ya shirye shi, ya tambaya ko na iya riƙe tef ɗin daidai. Na amsa masa a sarari cewa ni na koya masa riƙewa a shekararmu ta uku.

Wadda ta kira ni a waya ita ce wadda ban zata ba. Tun da muka gama ta yi aure, ba ta nemi aikin ofis ba, tana dafa tuwo da burabusko a gidanta a Maisandari, ma'aikata suna aikowa da kula. Duk wata in na nemi labarinta, amsarta ɗaya ce: “Lafiya lau, babu labari.” Ran nan ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Ke, ledojin da take dawowa da su, yaya suke?”

Na ce, “Yaya suke kamar yaya? Ledoji ne.”

“Je ki duba ki kira ni.”

Na buɗe kwalin da muke tarawa. Na sauran mata duk a cukurkuɗe, an cije su a kusurwa, suna danƙo, ƙudaje na bi. Nata kuwa an tsaga su da wuƙa daga sama har ƙasa, an ɗauraye cikinsu fes, an shanya, an jera an ɗaure da zare. Kullum ina ganinsu, har ina yaba mata tsafta a gaban sauran mata.

Da na faɗa wa ƙawar tawa, sai ta yi 'yar dariya. Ta ce, “Wannan ba bakin yaro ba ne, hannun mai girki ne. Ba haka kike yi wa gwangwanin tumatir ba? Ki juye, ki zuba ruwa ki ɗauraye, ki ƙara a tukunya. Je ki ga tukunyar.”

Washegari da sassafe, ana buɗe hanya bayan dokar hana fitar dare, na hau keke mai ƙafa uku na haya zuwa Gwange. 'Yan gora, matasan sa-kai masu gadin gari, suka sauke mu a shinge biyu, suka leƙa jakata, suka ga tef da littafi. Gidan yana cikin wani lungu da keke ba ya shiga. Gidan wata dattijuwa ne da kowa ke ce wa Hajja, mijinta ya rasu, tana zaune da surukanta da jikoki. Ba dangin uwar yarinyar ba ne ma. Mijin matar ne yakan kawo wa marigayin wake duk kaka, shi ke nan sanayyar. Da aka ƙona ƙauyensu, mijin ya ɓace, ita kuma ta shigo gari da goyo, sunan gidan kawai ta riƙe. Hajja ta ba ta ɗakin da ake ajiye itace.

Na yi sallama, Hajja ta tarbe ni da sannun Barbarci, “Wushe, wushe,” ta sa aka shimfiɗa min tabarma. Ƙamshin turaren wuta ya gauraye da wani ƙamshi da na sani sarai. A gindin murhu uwar yarinyar tana durƙushe gaban wata babbar tukunya. Ba ta ɓoye komai ba. A idona ta tsaga ledoji da wuƙa, ta kankare su cikin kunu, ta zuba ruwan ɗumi ta ɗauraye, ta juye, ta dama da ludayi. Yara suka yi layi da kofunansu, sun fi goma. Yarinyar da nake aunawa ma aka zuba mata nata a ɗan kofi, daidai da na kowa. Ashe gaskiya uwar take faɗa min, kullum tana sha.

Hajja ta miƙo min kofi cike. Ta ce, “Sha, 'yata. Tunda baƙuwarmu ta fara samo wannan kayan kunu, jikokina ba sa yarda da kunun kowa sai nata.” Babu yadda zan yi in ƙi a gaban dattijuwa. Na kurɓa. Wallahi ban taɓa shan kunun gyaɗa mai daɗinsa ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ja uwar zuwa ɗakin itacen. Na ce mata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na gaya mata wannan magani ne, na 'yarta ne ita kaɗai. Na ce so take yarinyar ta mutu? Ta sunkuyar da kai. Sannan ta haɗa Hausa da Barbarci ta ce, “Malama, wata takwas ina cin tuwon gidan nan. Sabulu nasu, ruwa nasu, zanin da na ɗaura wa yarinyar nan nasu. Ban taɓa shigowa ƙofar nan da ko barkono ba. Sai wannan. Yaya zan shige ɗaki da shi in ba tawa, nasu suna kallo?” Ta ce ta ɗauka in an dama da yawa, ai ita ma yarinyar za ta samu. Ta riƙe gefen mayafina ta roƙe ni kada in gaya wa Hajja, don ta ce mata kayan kunu ne da ake raba wa 'yan gudun hijira.

Faɗan da na shigo da shi ya bi iska, tausayi ya kama ni. Amma na leƙa waje na ga yarinyar zaune a ƙasa, tana lasar kofin da babu komai. Na san in na rufa wa uwar asiri, gobe ma tukunyar za ta hau wuta. Na ce mata ta yi haƙuri, ba zan iya ba.

Na durƙusa gaban Hajja na fito da tef. Na zagaya damtsen ƙaramin jikanta, ya tsaya a kore. Na zagaya na yarinyar, na nuna mata jan, na faɗa mata abin da yake nufi, da abin da ke cikin kunun. Hajja ta ajiye kofinta. Ta dubi baƙuwarta, ta yi mata magana da Barbarci mai sauri, ban kama duka ba, amma na ji ta ce, “Wa ya ce ki biya? A gidana? Kin sa na sha maganin marar lafiya ina lashe baki!” Matar ta rufe fuska da lafaya tana kuka, surukai suna tsaye sun rasa inda za su sa idonsu.

Hajja ta sa aka kawo mata sauran ledojin, ta zuba su a kwallarta ta rufe. Ta ɗauki yarinyar ta ɗora a cinya, ta yage ɗaya da haƙori ta sa mata a baki. Jikoki suka matso. Ta daka musu tsawa ta ce magani ne, duk wanda ya miƙo hannu sai an kai shi an yi masa allura. Ta juyo gare ni ta ce, “Daga yau ni zan ba ta. In ni na bayar, babu mai cewa an yi rowa.”

Mako biyu bayan nan tef ya fita daga ja. Na rubuta a shafin labarai cewa mai tuwon Maisandari ce ta gano matsalar, na sa labarin a sama, na mayar da ƙarin girman wani ƙasa. Ta kira ni ta ce na cika surutu.

Uwar ta ci gaba da zuwa duk mako, ledojinta yanzu a cukurkuɗe kamar na kowa. Takan gaishe ni, in auna, ta karɓa ta tafi, ba ta ƙara kallona ido cikin ido ba. Ranar da tef ya tsaya a kore, na nuna mata na ce 'yarta ta warke, an sallame ta, ba sai ta sake zuwa ba. Ta kama damtsen yarinyar tana matsawa a hankali, ta yi hamdala sau uku. Ta goya ta, har ta kai bakin rumfa, sai ta dawo ta rage murya.

“Malama, babu wani aiki a nan? Ko shara, ko ɗiban ruwa. Ko mudun gero ne a ba ni, in dai in shiga gidan da wani abu.”

Na ce ta jira. Na je na tambayi shugabar rumfar, na tambayi na asibitin, duk suka ce masu shara sun yi yawa. Na dawo na faɗa mata. Ta ce ba komai, Allah Ya saka da alheri. Ta gyara goyonta, ta koma gidan Hajja da lafiyayyar 'ya a bayanta, hannunta babu komai.