Kwaɗon Gwaggo Rabi'a a Gorton

Gwaggo Rabi'a ƙanwar babana ce. A Funtuwa kowa ya san kwaɗonta; ramar ma da zogalen a bayan ɗakinta take shuka su. Ta zo Manchester ne don ta yi wa 'yarta Khaulat wankan jego. Ba ta daɗe da sauka ba ƙafarta ta kumbura. Asibiti suka ce jini ne ya daskare, suka ɗora ta kan warfarin, maganin tsinka jini. Likita ya ce ta manta da jirgi sai awon jininta ya daidaita.

An yi arba'in, jariri har ya fara zama, Gwaggo na nan a flat ɗin Khaulat a unguwar Gorton tana kallon ruwan sama ta taga.

Ni ina karatu a jami'ar Aston, a wani gari, ranar Asabar nake hawo mota in zo. Ina da son lissafi, ko gwangwani na ɗauka sai na karanta bayansa. Khaulat kuwa ta cika kabad da karas na gwangwani, wai shi ne mai laushi.

"Wannan ba karas ba ne, Na'ima," in ji Gwaggo. "Gawar karas ce a ruwan gishiri."

"Akwai bitamin A, Gwaggo, yana gyara ido."

"In ga me da idon? Bangon maƙwabta?"

Awon jinin kuma ya ƙi zama. Wannan mako daidai, na gaba ya faɗi. Khaulat ta rantse ba a tsallake ƙwaya ko ɗaya ba.

Wata Asabar na iso da wuri, na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli tun daga ƙofa. Gwaggo na kicin ta dafa ƙananan kabejin nan na firiza, sprouts, ta yanka, ta kwaɗa da yaji da albasa. Kwano guda, cike.

"Jikokin kabeji," ta ce tana murmushi. "Ɗan ɗacin nan nasu, kamar ina gida. Sa hannu."

Na ci, wallahi da daɗi. Sai na ciro waya na duba. Sprouts sun fi karas ɗin furotin da bitamin C, gishiri kuma kaɗan. Amma bitamin K ɗinsu ya kusa ninka na karas ɗin sau ashirin, shi ne kuma ke rage ƙarfin warfarin.

"Sau nawa kike ci?"

"Ranar da kewa ta taso. Wani makon kullum, wani makon ko sau ɗaya."

Muka je wurin GP, likitarta ta unguwa. Ta ce ba a hana ba, amma dai kullum adadi ɗaya, kada a ƙara, kada a rage. Tikitin komawa gida da aka saya kuma a ɗaga, a sake awo daga farko.

Muka hau bas. Sai da muka kusa sauka Gwaggo ta tambaya, "To zogalena fa, in na koma?"

"Shi ma ganye ne, Gwaggo. Da awo."

Yanzu kullum da azahar tana ciro sprouts huɗu daga firiza. Waɗanda suka fi girma take zaɓa, ta daɗe tana tonon jakar.